Rakiyar 'Yar Fari Zuwa Dajin Doka

Tun da na dawo daga ƙasar Benin bakina bai huta ba. A majalisa tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, ɗan kabu-kabun da ke kai ni garka Jiratawa ma sai ya rage wuta ya waiwayo ya ce, "Baba, wai da gaske mutanen can cin laimar kwaɗi suke?" Malam Ishaya na Tsibiri, abokina tun muna yara, shi ya fi kowa naci. In an tashi daga coci ran Lahadi sai ya biyo ta gidana, ya zauna kamar an dasa shi, ya ce in ɗauko daga farko. Shi ya ce in rubuta in huta. To ga shi na rubuta. Karatuna na lakwal bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya faɗa mini.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ina da ɗiya, ita ce ta fari. Sunanta ba zai fito a takardar nan ba, kamar yadda bai taɓa fita daga bakina ba. Kowa ya san kunyar ɗan fari. Ana yaye ta kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta zuwa Tsibiri, can ta girma, shi ya sa a gida muke ce mata Ta Tsibiri. Daga hannun kaka lakwal ta karɓe ta, daga lakwal sai jami'a a Yamai. In ta zo hutu ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ta shige ciki. Shekara da shekaru zancenmu bai wuce haka ba.

Abin da take karantawa kuwa laimar kwaɗi ce, wadda wasu ke ce wa naman kaza. Na daɗe ina ɓoye wa mutane. Ɗan wane likita, ɗan wane jandarma, ni tawa sai abin da ke fitowa kan juji bayan ruwa. In an tambaye ni sai in ce tsirrai take karantawa.

Da damina ta kankama ta aiko cewa za ta dajin Benin wajen wani farfesa na can, su tattara laimar kwaɗi shi da ɗalibansa. Ya kuma ce in ta so ta zauna wurinsa ta yi babban digiri, aikin shekaru. Uwar yara ta ce ɗiya mace ba ta shiga dajin wata ƙasa ba muharrami. Ƙannenta maza suna tsakiyar jarrabawa, sai abin ya faɗo kaina. Na bar wa ƙanena garka ina yi masa gargaɗi kan ban ruwa kamar mai barin wasiyya.

Ran tafiya uwar yara tana ɗaure mini ƙuli-ƙuli da busasshen zogale, ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, ɗakin bayan nan ya fara tsagewa don ba mai kwana ciki. An kuma ce makarantar lise ta unguwa na neman malama." Ita ma ba ta kiran sunan, balle ta buɗe baki ta ce tana begen ɗiyarta. Ƙafafunta sun daɗe da kumbura, ko biki ba ta zuwa. Ma'anar maganarta ɗaya ce: ka tafi da ita, ka dawo mini da ita. Na ce to.

Babbar mota ta tashi da mu daga Maraɗi bayan asuba. Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Hanyar kowa ya san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Maƙwabcina na kujera wani dillalin raguna ne mai baki kamar rediyo. Ya tambaye ni me zan sayo a Benin, doya ko gwanjo. Na ce ba ko ɗaya. Ya ce, "To aure za ka ƙaro ke nan, Alhaji." Na bar shi a haka, ya fi mini sauƙi da bayani.

A Dosso na tarar da Ta Tsibiri tana jira, ta taso daga Yamai. Hijabi har ƙasa, ga wasu dogayen takalman roba rataye a jaka irin na masu yasar kwata. Ta durƙusa a tsakiyar tasha, ta karɓi jakata. A ƙaramar motar Gaya aka matse mu kujera ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Tun da aka haife ta ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Na kalli taga har wuyana ya ƙage. Da aka tsaya shan shayi sai na ji ta ce wa mai shayin, "Na babana kada ka sa sukari, likita ya hana shi." Ban san ta sani ba.

A Gaya muka ci soyayyen kifi, muka ƙetare gada, kogi ya cika ya yi ja. Ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. A Malanbil, ɓangaren Benin, ne na ga ta kaina. Wani ɗan sanda matashi, daga gani mutumin bakin teku ne, ya karɓi katunanmu biyu ya riƙe, ya dube ni, ya dube ta. Suna sa ido saboda masu safarar 'yan mata, ban ga laifinsa ba. Ya yi magana da Faransanci, wani mai canji da ke gefe ya fassara: "Ya ce in ɗiyarka ce, faɗi sunanta."

Na ce, "Ai yana nan rubuce a hannunsa."

"Ya ce daga bakinka yake son ji."

Rumfar cike take da mutane. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, ka faɗa, ba komai."

Na ce, "Ke, yi mini shiru."

Ɗan sanda ya ga tsoho ya kasa faɗin sunan yarinya, kuma yana yi mata tsawa. Ya miƙe tsaye ya nuna mini wani benci can gefe, inda ake ajiye waɗanda ba a yarda da su ba. Da can zan wuni, in ba don wata hajiya mai kai albasa Kwatano ba, wadda ta gama kallonmu ta fashe da dariya. "Kai, baban yara, 'yar fari ce ko?" Na sunkuyar da kai. Ta juya ta zuba masa bayani da Faransancin kasuwa, hannu na tashi, awarwaro na ƙara. Ya saki baki. Ya ce shi ɗansa na fari sau ɗari yake kiran sunansa kafin azahar, kuma yaron ba ya amsa ko ɗaya. Ƙarshe aka shirya a kan shi zai karanto sunaye, in ya zo kan na gaskiya in gyaɗa kai. Na gyaɗa. Ya buga hatimi yana girgiza nasa kan. Hajiya ta ce, "Mutanen Maraɗi, wata rana kunya za ta kwanar da ku a kurkuku."

Muna cikin mota na ga kafaɗar yarinyar tana rawa, dariya take ɓoyewa cikin hijabi. Na yi kamar ban gani ba. Dariyar uwarta ce sak, lokacin da uwar ke da ƙafa.

Daga Kandi ƙasa ta canza. Gero ya ƙare, sai gonakin doya an tara ƙasa tsibi-tsibi, ciyawa ta fi ni tsawo. Ruwa a can ba a roƙonsa. Mu nan sai liman ya fita da jama'a bayan gari, su kuwa kullum la'asar sai ya zo ba gayyata. Na tuna yadda muke kusan dambe kan layin ban ruwa a Jiratawa, raina ya ɓaci ban san da wa ba.

Masaukinmu wani ƙauye ne a bakin daji kafin Paraku, gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Bariba da ake kira Maman Bona. Hausarta ta zango ce, guntu-guntu, amma in faɗa ne tana isarta. Gaisuwarsu ta fi tamu cin gwiwa: ƙarami ya tsuguna, shi da babba su yi ta amsa wa juna da gurnani a maƙogwaro har sai ɗaya ya gaji. Abinci sakwara ce safe da yamma, da wani cukun Fulani mai jan baya da ake soyawa. Wannan na yaba. Fura babu. Na tambaya aka kawo mini kunun masara mai tsami kamar an yi fushi da shi. Ran farko na ga wani baƙin abu mai santsi cikin miya, na ɗauka hanta ce, na ci yanka biyu, har na ce wa Maman Bona naman ya yi taushi. Ta ce ba nama ba ne, ta nuna daji da leɓe. Na tsame hannuna. To amsar ɗan kabu-kabu ke nan: suna ci, mata ke tsintowa su kasa a kasuwa kamar tumatir, ni ma na ci ban mutu ba, kuma don Allah kada a sake tambayata.

Farfesan gajere ne mai sanƙo, wandonsa duk taɓo. Da a kasuwar Maraɗi na gan shi da na miƙa masa dako. Ya gaishe ni da hannu biyu yana ce mini "Papa", alhali ina jin sa'ana ne. Kowace safiya mu shiga daji, itatuwan doka ne galibi, dogaye, ƙasa lulluɓe da ganye. Ni aikina riƙon kwando.

Ba kowace laimar kwaɗi suke nema ba. Waɗanda muka sani, in ka kifa su ƙarƙashin hular tsage-tsage ne kamar shafukan littafi. Nasu kuwa ƙarƙashin kamar soso ne, ƙananan ramuka ba iyaka, ga kauri, wata ta kai faifai faɗi. Akwai ja, akwai rawaya, akwai mai launin ƙasa. Ta Tsibiri ta tono wata da wuƙa har gindi, ta tsaga ta biyu. Cikin rawaya ne, kafin in ƙifta ido ya koma shuɗi kamar an tsoma a marina. Na ja da baya na yi a'uzubillahi. Ta ce, "Baba, iska ce ta taɓa ta, ba aljani ba ne." Nan take su ɗauki hoto kafin launi ya gudu, su auna, su shinshina, su duba wace bishiya ce kusa, su ba ta lamba. A yanki 'yar ƙanƙanuwar tsoka a sa a ƙaramar kwalba. Sauran a kai masauki a busar kan wani inji mai hawa-hawa a ranar da aka tsinto, in ba haka ba tsutsa ta riga su.

Wata rana muna hutawa kan kututture na yi ƙarfin hali, ina kallon kwando, na tambaye ta wai duk wahalar nan ta mece ce. Karo na farko ke nan da na tambaye ta wani abu da ba "lafiya?" ba.

Ta ce, "Baba, ka san a da in an ga tsagar fuska sai a ce wannan Bagobiri ne, wannan Bakatsine?"

Na ce, "Ni har yanzu ina ganewa."

"To haka masanan da suka yi wa waɗannan. Suka duba kama, suka ga wata ta yi kama da ta ƙasar Turawa, suka laƙa mata sunan ta can. Yanzu abin da muke sawa a kwalba ana kai shi ɗakin bincike a karanta ƙwayar gadon da ke cikinsa, kamar a bi jinin mutum a gano kakanninsa. Sai ka ga biyu masu kama ɗaya, ashe babu dangin iya babu na baba. Wasu kuma ko kaɗan ba su yi kama ba, ashe 'yan ɗaki ɗaya ne. Da yawa na dajin nan ba su da suna a littafin kowa."

Na ce, "Mu kwana bakwai muke raɗa suna."

Ta yi dariya, a fili wannan karon. "Mu sai a shekara ana gardama."

Na riƙa satar kallonta kwanakin nan. Yadda take durƙusawa gaban abu ta share ganye da yatsa a hankali, haka nake yi wa irin albasa, kuma ba ni na koya mata ba. Ɗalibai maza suna kawo mata abin da ya shige musu duhu. In ta sami wadda ba ta taɓa gani ba sai ta yi wata 'yar ƙara ta kira kowa. Na ce a raina, ashe haka take. Sai maganar uwar yara ta faɗo mini.

Nan na yi tawa dabarar. Ni mutumin garka ne, a Jiratawa ba abin da ba mu dasa ba. Zogale, alkama, tattasai, har abin da aka ce ba ya yi a ƙasarmu mun lallaɓa shi ya yi. Na ce in dai abin nan ne zai riƙe ta, sai in kai shi gida. In ware mata fangali biyu ƙarƙashin mangwaro inda inuwa take, da safe ta koyar a lise, da la'asar ta hau kabu-kabu ta zo ta yi ta tsaga abinta. Ban gaya wa kowa ba. Na ari bokitin Maman Bona, na koma bakin daji ni kaɗai, na tono manya-manya da ƙasarsu kamar yadda ake cire dashe, na jera, na tura ƙarƙashin gadona. Safe da yamma ina yayyafa musu ruwa.

Ba a jima ba ɗakin ya fara wari. Na ce ko ɓera ne ya mutu a rufi. Wata azahar mun dawo daga daji na tarar da bokitin a tsakar gida, Maman Bona tsaye kansa ta toshe hanci da zane, kaji sun kewaye suna shagalin tsutsa. Abin ya narke ya zama baƙin kunu. Ta ɗaga murya: "Baba Nijar! Bokiti na wanka! Kai yi magani a ɗakina?" Ɗalibai suka taru. Farfesa ya leƙa, ya dafe sanƙonsa.

Ta Tsibiri ta ba matar haƙuri, ta ɗauki bokitin da kanta ta kai bayan gida ta zubar, ta tsuguna tana wanke shi da toka. Na bi ta na tsaya nesa kaɗan.

"Baba, me za ka yi da su?"

"Dashe."

"A ina?"

"Jiratawa. Ƙarƙashin mangwaro."

Hannunta ya tsaya cikin bokitin. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Irin waɗannan ba sa dasuwa, Baba. Abin da ka tono ɗan itacen ne kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, zare ne siriri, ya naɗe saiwar doka. Ita ta jawo wa bishiya ruwa da gishirin ƙasa, bishiya ta ba ta abinci. In ba doka, ko irin su itacen kawo, ba ta rayuwa."

"To a kai dokar."

"Ruwanmu ba ya isarta. Ko ta kama, kafin ta yi girman da za ta..." Sai ta dubi furfurata, ta koma kan bokiti.

Na ce, "Uwarki ta ce ɗakin baya yana tsagewa."

"Na sani. Ta gaya mini a waya, wai gara ma ta fara cin ƙofar." Ta share ido da bayan hannu, toka ta shafe mata kunci. "Baba, in ka ce in bi ka, zan bi ka. Ba zan yi musu ba, ba kuma zan riƙe ka a zuci ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Da gardama ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na kwana da maganar na tashi da ita, ga ranar tahowata ta matso. Na yi salla na roƙi zaɓin Allah, ban ga komai a mafarki ba sai garkata. Wata safiya kafin su shiga daji na sami farfesa yana juya busassun a kan inji, na sa wani ɗalibi mai jin Hausa ya tsaya tsakaninmu. Na tambaye shi in ta zauna ina za ta riƙa kwana. Ya ce a Paraku akwai gidan ɗalibai mata, kuma matar limamin zango tana duba 'yan Nijar. Na ce sai na gani da idona. Muka je mu huɗu, har da Ta Tsibiri da ɗalibin. Na ga ɗakin, na jijjiga ƙofar na ga tana kulluwa. Na ga matar liman, 'yar Dogon Dutsi ce mai kaifin ido, na ba ta amana. Sannan na ce wa farfesa, "Yarinyar nan ka riƙe ta da kyau. In ta yi ciwo kada a ɓoye mini." Tana tsaye bayana. Ban juya na ce mata komai ba, amma ta ji.

Ita ta raka ni tasha. Ta sayo mini cukun nan da doya, ta yi faɗa da yaron mota har ya ba ni kujerar da zan miƙe ƙafa. Ta durƙusa bakin mota cikin taɓo ta ce, "Baba, me za ka ce wa Inna?"

Na ce, "Wannan aikina ne."

Na sa mata albarka. Na so in ƙara wani abu, ban san inda ake ɗauko irin maganar ba. Mota ta tashi. Kujerar kusa da ni buhun garin rogo aka ɗora mata.

Dawowa ba labari. Na iso Maraɗi da la'asar, kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gida, na yi sallama. Uwar yara tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, an share tsakar gida fes, ga kwano biyu a rufe gabanta. Ta amsa sallamar, amma idonta yana kan zaure. Ɗan kabu-kabu ya shigo da doya ya ajiye ya fita. Ta ƙara jira.

"Sai kai?"

"Sai ni."

"Ƙin bin ka ta yi?"

"Ba ta ƙi ba. Ni na bar ta."

Ta tura mini kwano ɗaya, ɗayan ta sa aka kai wa maƙwabta. Kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba sai ta abinci. Ban ga laifinta ba. Ni kaina har yau ban tabbata na yi daidai ba.

Wata la'asar na dawo daga garka ina wanke ƙafa, tana tsinke zogale a faranti, sai ta ce, ba ta ɗago ba, "Ta rame?"

"Ba ta rame ba."

"Tana cin abincinsu?"

"Ta fi ni ci."

Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "In tana aikin nata, yaya take yi?"

Na zauna bakin tabarma na fara gaya mata, har aka kira magariba ban gama ba. Na tashi zan tafi masallaci, na kai zaure, sai ta ce, "Malam, ba ka faɗi wane hijabi ta sa ba ran da kuka rabu."

Na tsaya. Na tuna taɓon da ya ɓata bakinsa, na tuna hannunta kan ƙofar mota, amma launin wallahi ya ɓace mini. Na ce kore ne.

Ta ce, "Shi ne wanda na aika mata da salla." Ta ci gaba da tsinkar zogale.

Iyakar tafiyata ke nan, Malam Ishaya. Kai da duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in kun shigo gidana gaisuwa aka yi zancen, kore ne.